Rubutun da Ke Fuskar Wayar Inna

Manaja ne ya kira uwarsa ɓarauniya. Ba a cikin fushi ya faɗa ba, balle a ce baki ne ya suɓuce. Zama ya yi a kujerar ofishinsa mai juyawa, ya rubuta abin da yatsunsa, ya tura shi ya zauna daram a fuskar wayarta, ya bar ta tana yawo da shi tana nuna wa mutane, ita da ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Duk mai musu ya je bakin kasuwa ya tambayi mai gyaran waya, yana nan da ransa, bai tashi daga rumfarsa ba.

Inna ita ce uwar. Wanki ta yi wa mutane har ƙarfinta ya ƙare, da shi ta yi wa 'ya'yanta biyu karatu. Namijin ya zama manaja a wani kamfanin kayan gini, har sunan ya biyo shi gida. Macen ta zama nas a wani gari mai nisa, wanda sai an kwana a hanya ake isa. A gidan Manaja Inna take zaune. Tana da ciwon suga, kuma wani miki ya fito mata a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu, ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake, amma ya ƙi rufewa. Saboda mikin nan ne Nas ta aiko mata da waya mai hoto, ta ce kullum da safe a nuna mata ƙafar, don irin wannan ciwo ba a juya masa baya ko na yini guda.

Ranar da wayar ta iso, Manaja ne ya zauna ya shirya mata ita. Ya kama babban yatsanta ya ɗora a inda ake ɗorawa, waya ta ƙi. Ya goge yatsan da gefen rigarsa ya sake ɗorawa, ta ƙi. Suka gwada manuni, suka koma ɗaya hannun. Ashe sabulu da ruwa sun riga sun cinye zanen yatsun Inna tas, sun bar su sumul kamar bayan cokali. Ya yi dariya ya ce waya ta ce ba ta san ta ba. Inna ma ta yi dariya, ta ce waya ba ta yi laifi ba, ko ita kanta wani lokaci ba ta gane hannuwan nan. Sai ya ɗora nasa yatsan, waya ta karɓa nan take. Ita kuma ya koya mata wani zane mai kama da ƙugiya da za ta riƙa ja a kan gilashin in za ta buɗe.

Daga nan ya ɗaure wayar da asusunsa, yana yi yana bayani. Ya ce ɓarayin waya sun cika gari, a kan babur suke fizge wa mutum yana tsaka da magana. Amma wannan, ko bangon duniya aka kai ta, daga kwamfutarsa zai ga inda take, zai iya sa ta kuka, zai iya kulle ta ta zama dutse a hannun ɓarawo. Inna ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka har matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Madam, ta gaji ta tashi.

Inna ba ta san lamba ba, fuska ta sani. Da safe ta ja ƙugiyarta, ta danna hoton 'yarta, sai ga Nas da farar rigar aiki tana cewa a juya wayar, ba hanci ta ce a nuna mata ba, ƙafa. Ta duba launin bakin mikin, ta ce a wanke da ruwan gishiri, a canza auduga, kada a taka ƙasa ba takalmi. Mikin ya fara tsukewa. Har Inna ta fara yi wa jikokinta barazanar za ta riga su gudu.

Inna ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Wannan a riƙe shi da kyau. Amma waya tana da ido, kuma abin da baki ya rufa wa asiri ido ba ya rufa masa. Wata safiya hannunta ya karkata, Nas ta hango buhunan siminti a bayanta, da gwangwanayen fenti, da bango mai zanen danshi. Ta tambaya nan ina ne. Inna ta ce ɗaki ne mai iska. Sito ne, can ƙarshen tsakar gida, jikin injin wuta. Nan aka mayar da ita tun da Madam ta ce ana bukatar ɗakinta na ciki saboda baƙi. Nas kuwa ba ta iya haɗiye magana ba tun tana yarinya. Ta yi saƙon murya ta jefa a zauren dangi na waya, inda baffanni da gwaggwanni da surukai duk suke, ta tambayi yayanta ko siminti ɗan uwansu ne da zai haɗa shi ɗaki da uwarsu. Dangi suka saurara, wasu suka tura wa waɗanda ba dangi ba.

Da yamma a ranar Manaja ya dawo gida. Ya zo ya tsaya a ƙofar sito, ya daɗe yana kallon wayar da ke kan katifa, ya juya ya tafi. Da faɗa ya yi da hankalinta ya fi kwanciya.

Ba a jima ba ya fara yi mata tambayoyin da ke sa gabanta faɗuwa. Me ta je yi kemis da hantsi? Ta ce auduga ce ta ƙare. To daga kemis me ya kai ta shagon mai ɗinki, har ta zauna sai da rana ta karkata? Shi yana ofis can tsakiyar gari, ita kuma ba ta gaya wa kowa za ta fita ba. Ta zargi mai gadi, ta daina amsa gaisuwarsa, bawan Allah bai san laifinsa ba. Ta zargi direba. Wayar da ke ƙulle a bakin zanenta ce kaɗai ba ta zarga ba.

Mai ɗinkin nan ƙawar hirarta ce, shagonta na jikin katangar gidan ta waje, kuma na Manaja ne, haya take yi. Wata rana Inna na zaune a can tana taya ta warware zare, wayar ta fashe da kuka. Ba kukan kira ba, wani irin ihu mai shiga ƙwaƙwalwa kamar jiniya. Ta ja ƙugiya, bai tsaya ba. Ta cusa ta cikin tarin yadi, ya fito ta ƙarƙashi. Masu jiran ɗinki suka ja da baya suna kallonta. Sai da ta miƙe ta ɗingisa ta shiga ƙofar gida kukan ya ɗauke ɗif, kamar an yanka. Da yamma Manaja ya ce mata, a hankali, har da murmushi, ai wayar ce ta ji ta yi nisa da gida ta tsorata. Inna ta dube shi ta sunkuyar da kai. Ba ta yi boko ba amma ba ta rasa hankali ba. Ta gane an kafa mata turke, igiyar ce kawai ba a gani.

Ba ta gaya wa Nas ba. Amma danshin sito ya fara aikinsa, mikin da ya tsuke ya sake buɗe baki. Nas ta gani, ta ce wannan ya wuce ruwan gishiri, a kai ta asibiti a wanke shi. Ta kira yayanta ya ce gobe. Goben ta zo ta wuce. Sai ta ɗauki hoton ƙafar ta jefa a zauren dangi, ta ce ga ƙafar uwar mutumin da ke da mota biyu a ƙofar gida.

Washegari Inna ta ɗauki waya za ta ja ƙugiya, ta tarar babu inda za a ja. Fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin, sai wasu layukan farin rubutu a tsakiya, da jerin lambobi a ƙasansu. Ta shafa, ta hura, ta goge da gefen zani. Ta sa a caji ko yunwa take ji. Rubutun na nan, ba ya gaba ba ya baya.

Ta tare Manaja yana shirin shiga mota. Ya karɓa ya jujjuya kamar bai taɓa ganin irinta ba, ya ce wayar ce ta kulle kanta, wataƙila ta ji hannun da ba ta sani ba, haka aka yi su saboda tsaro. Ta tambaye shi me aka rubuta. Ya ce rubutun kamfani ne. Ta ce to ya ɗora yatsansa mana, ai shi ta sani. Ya ce abin ba haka yake ba, sai an aika wa kamfani, su kuma sai sun ga dama. Ya miƙa mata, ya rufe ƙofar mota. Abin da bai faɗa ba shi ne layin ma ya sa an toshe. Da sunansa aka yi rajistarsa, ya gaya wa masu layi an sace, suka yarda, don wa zai yi wa mai kaya musu a kan kayansa? Ko Nas ta kira, ba abin da zai shigo.

Nas ta kira kuwa, ta wayarsa. Inna kan jiyo muryarsa daga falo ta taga yana cewa wayar Inna ta lalace an kai gyara, Inna tana barci, ƙafa ta kusa warkewa, an kai ta asibiti tuni. Takan yunƙura ta dafa bango ta nufi falon, amma ƙafa ba ta sauri, kafin ta kai rabin tsakar gida an yi sallama. Ta roƙi Madam ta kira mata 'yarta. Madam ta ce ita ba ta shiga tsakanin ɗa da uwa, kuma tun ranar maganar siminti ta goge lambar mai baƙin baki daga wayarta.

Mai ɗinki ta ce ga tata wayar, a faɗi lamba ta kira. Inna ta ce ita fuska take dannawa. Sai ta miƙa mata wayar ta ce tunda ita ta yi makaranta, ta karanta mata abin da kamfani ya ce, ko akwai abin da suke so a yi. Mai ɗinki ta karanta. Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ta dubi Inna, ta dubi katangar gidan, ta kifa wayar a kan tebur ta ce ba komai ba ne, irin rubutunsu ne, amma Inna ta daina fita da ita, ta ajiye a ɗaki. Inna ta tambayi dalili. Ta ce saboda ɓarayi. Ta ci gaba da taka keke da ƙarfi kamar ana binta.

Baffa ma ya zo, ƙanen marigayi mijinta, wanda dangi ke kai wa magana. Ya zauna a bakin ƙofar sito yana kare hanci da hannun riga. Shi yana da lambar Nas, ai suna zaure ɗaya. Inna ta ce ya danna mata ita ko gaisawa su yi. Ya ce shi ba zai zuba wa wuta fetur ba, wa da ƙanwa sun riga sun tona wa juna asiri a gaban surukai, abin da ake nema yanzu rufi ne. Ta nuna masa rubutun. Ya nisanta wayar daga idonsa, ya matso da ita, ya ce bai zo da gilashinsa ba. Gilashin na aljihun gaban rigarsa, Inna na ganin ƙafarsa ɗaya a waje. Ya ce ta yi haƙuri, yaran zamani sun fi su sanin waɗannan abubuwa. Ya shiga falo ya ci abinci, direba ya mayar da shi gida.

Ƙafa kuwa ba ta san haƙuri ba. Bakin mikin ya yi fari, daga baya ya yi toka, daga baya yatsan ya fara duhu daga ƙasa. Wari ya fara fita wanda ruwan gishiri ba ya kashewa. Auduga ta ƙare, Inna ta yaga tsohon zani tana naɗewa. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ciwon ya daina zafi, don Nas ta taɓa ce mata ranar da ya daina zafi ranar ce za a ji tsoro. Zazzaɓi ya riƙa zuwa da la'asar yana kaɗa mata haƙora. Madam ta hana yara zuwa wajen sito, ta sa a riƙa ajiye kwanon abinci a bakin ƙofa, tana fesa turare a tsakar gida in baƙi za su zo. Manaja ya ce aiki ya yi masa yawa, ƙarshen wata za a je asibiti, kuma ai tsufa ne, kowa da irin nasa.

Kullum da safe Inna sai ta ɗauki wayar, a lokacin da ta saba, ta ja ƙugiya a kan baƙin gilashi. Ta san ba za ta buɗe ba. 'Yarta tana ciki, ita dai abin da ta sani ke nan, tana bayan rubutun nan kamar mutum a bayan ƙyaure.

Mai gadi ne ya ce mata akwai masu gyaran waya a bakin kasuwa, babu kullen da ba sa buɗewa. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, shi ma bai iya karatu ba. Inna ta jira motar Manaja ta fita, Madam ta shiga wanka, ta ƙara wa ƙafar tsumma, ta zura ta a wani tsohon silifas na ɗanta da ta yanke wa baki, ta ɗauki sandar tsintsiya ta dogara.

Ba ta san rumfar ba, don haka ta yi ta tambaya. Duk wanda ta tsayar sai ta ɗaga masa wayar ta ce ina ake buɗe irin wannan. Wata mai sayar da lemo ta karanta, ta janye farantinta. Wani mai shago ya karanta, ya dube ta sama da ƙasa, ya nuna mata hanya da haɓa, sannan ya fito ya tsaya yana bin ta da ido. Inna ta ɗauka warin ƙafarta ne. Ta ji kunya, ta riƙa tsayawa nesa da mutane in za ta yi tambaya, tana miƙa hannu sosai don su ga rubutun da kyau.

Mai gyaran waya magidanci ne mai furfura a gemu, rumfarsa cike da gawarwakin wayoyi. Ya karɓa, ya danna gefe, ya karanta. Ya sake karantawa. Ya tambaye ta ina ta samo ta. Ta ce tata ce, 'yarta ta aiko mata. Ya ce to ta buɗe. Ta ja ƙugiya a kan gilashin, ba abin da ya motsa. Ya ce ta sa yatsa.

"Ai ba ta san yatsana ba," in ji Inna.

Na rumfar kusa ya yi dariya ya ce ta faɗi gaskiya. Mai gyara bai yi dariya ba. An taɓa kwana da shi a hannun 'yan sanda saboda wayar sata da aka kawo masa, ya rantse ba za a sake ba. Ya sa wayar a bayansa, ya tambaye ta ko ta san abin da ke rubuce. Ta ce rubutun kamfani ne. Sai ya ɗaga murya ya karanta, don maƙwabtansa su zama shaida:

"An sace wannan waya. Duk wanda aka gan ta a hannunsa ɓarawo ne. A kira wannan lamba."

Inna ta ce ya sake. Ya sake. Ta tuna mai lemo, ta tuna mai shago, ta tuna keken ɗinki da ya tsaya da gilashin Baffa.

A kasuwa ba a gayyatar taro, kalma ɗaya ce ke tara shi, kuma an riga an faɗe ta. Kafin mai gyara ya gama danna lambar an toshe bakin rumfa. Ya buɗe muryar wayarsa don kowa ya ji. Aka ɗauka. Inna ta san muryar tun daga sallama, ita ta koya mata magana.

"Ranka ya daɗe, an kawo mini wata waya da lambarka a kai. Taka ce?"

"Tawa ce."

"Wata tsohuwa ce ta kawo, mai ɗingishi, ƙafarta a naɗe da tsumma. Ka san ta?"

Inna ta matso da bakinta. "Babana, ni ce."

Shiru. Ana jin muryoyin maza a bayansa, da ƙarar cokali a kofin shayi. Shirun ya yi tsawo har wani a cikin taro ya ce layi ya yanke. Bai yanke ba.

"Ku riƙe wayar, zan turo direba. Ina cikin taro."

Ya kashe. Bai ce ɓarauniya ce ba, ya riga ya rubuta. Bai ce uwarsa ce ba, kuma a bakin kasuwa irin wannan shirun hukunci ne. Wani ya ce in dubu ta cika kowa ya zama baba. Wata ta ce a bar ta, tsohuwa ce. Wani ya amsa cewa tsofaffin ne ke karɓar kaya a hannun yaran da ke fizge, ba a zarginsu. Wanda aka sace wa waya bara ya matso, wanda aka sace wa ta ƙanwarsa ya matso. Aka fizge ɗankwalinta. Aka ture sandar. Ba wanda zai ce ga wanda ya fara, amma Inna ta tsinci kanta a ƙasa cikin ruwan kwata, kuma wani mai takalmin aiki ya taka ƙafar da dukkan nauyinsa. Tsumman ya warware. Waɗanda ke gaba suka ja da baya saboda abin da suka gani, na baya suka ɗaga wayoyinsu sama suna ɗauka. Inna ba ta yi kuka ba. Hannu ta sa tana ƙoƙarin rufe kanta, don tun da ta yi aure ba ta taɓa tsayawa a waje kai buɗe ba.

Direba ya iso ya kutsa yana tambayar ina wayar oga. Ya gan ta a ƙasa. Ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya ce wannan ai mahaifiyar oga ce. Taron da ba a gayyata ba ya watse ba a sallame shi ba. Mai gyara ya dafe kai da hannu biyu, ya cire rigarsa ta sama ya yafa mata, yana ta cewa shi abin da ya gani ya karanta.

Da Manaja ya dawo gida, ya ce bai ji muryarta da kyau ba, akwai hayaniya. Ya ce shi don tsaro ya yi, kuma rubutun ai na ɓarayi ne ba nata ba. Ya ce wa ya aike ta, da ta zauna inda aka ajiye ta da duk haka ba ta faru ba, yanzu ga shi ta zubar masa da mutunci a gari. Madam ta ce ita dama ta faɗa. Asibiti kuwa ba a je ba, don kada a tambayi yadda aka yi. Mai kemis aka kira ya yi mata allura a sito, ya fita yana girgiza kai.

Abin da Inna ta yi ta nema a gidan ɗanta ta rasa, kasuwa ce ta yi mata shi. Hoton ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya kai garin da Nas ke aiki. Wata abokiyar aikinta ce ta miƙa mata lokacin hutu tana dariya, ta ce zo ki ga tsohuwar ɓarauniyar waya. Daga baya Nas ta ce ba fuskar ta fara ganewa ba, fuskar na rufe da hannu. Ƙafar ta gane. Ta bar aikin a tsaye ta nufi tasha.

Ta iso da hantsi, ba ta gaida kowa ba. Ta wuce falo ta wuce Madam ta shiga sito, ta sami uwarta ba ta gane mutane sosai. Ta goya ta kamar jaririya, mai gadi ya tare musu mota. Likita ya duba ya ce da an zo da wuri yatsa ɗaya za a cire, da an ƙara kwana biyu kuwa ba ƙafa za a yi magana a kai ba. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Manaja ya zo asibiti da ledar ayaba da lemo. Ya zo da wayar ma, a buɗe, an saka mata sabuwar riga mai kyalli, layi ya dawo. Ya ajiye a gefen filo ya ce kamfani sun gyara. Ya tsaya ta wajen kan gadon, idonsa a kan taga, a kan robar ƙarin ruwa, a kan agogonsa, ko'ina ban da ƙasan gadon. Nas ta ce wallahi sai ta kai shi gaban hukuma. Inna, da muryar da ba ta fi ta sauro ba, ta kama hannun 'yarta ta ce ta bari.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ta faɗi haka, zanen gado kwance shafal a inda ƙafarta ta hagu ya kamata ta ɗaga shi. Matar gadon kusa ta juya fuska bango.

To, Inna ta yafe. Uwa ce, in an bar ta ma cewa za ta yi faɗuwa ta yi. Amma yafiyarta tata ce, ba ta rufe bakin sauran mutane ba, kuma ba ta mayar da ƙafa. Kullen da aka yi don ɓarawo, ɗa ya juya shi kan wadda ta haife shi, kuma babu wanda ya tambaye shi komai, saboda sunansa ne a kan asusu kuma yatsansa ne mai zane. Yau ana cewa ƙaddara ce, ana cewa ciwon suga ba shi da tabbas. Ƙarya ne. Mai ɗinki ta karanta ta zaɓi shagonta. Baffa ya karanta ya zaɓi farantin abinci. Madam ta ji wari ta sayi turare. Kowannensu ya san ranar da ya yi shiru, kuma kowannensu sai ya faɗi dalilinsa.

Abin da ya rage shi ne dole Baffa ya tara dangi, ba a zauren waya ba inda kowa ke ɓuya a bayan hoto, a ɗakin asibitin nan, ido da ido. A kira Manaja, kada a karɓi uzurin taro, kada a karɓi ayaba. Ya sauko daga wajen filo ya zo ƙasan gadon. Ya ɗage zanen da hannunsa, ya duba da kyau, sannan ya buɗe baki a gaban kowa ya faɗi wanda ya yi wannan.